Dao: Tsohuwar hikimar Sin da yadda mabiyanta ke rayuwa da ita yau da gobe

Dao, wadda wasu ke rubutawa Tao, kalma ce ta Sinanci da ke nufin hanya ko tafarki. A bakin masana falsafar ƙasar Sin na dauri, ma'anarta ta zarce hanyar da ake takawa da ƙafa, ta zama sunan tsarin da dukkan halitta ke gudana a kansa: juyawar dare da rana, faɗuwar damina da ɗaukewarta, haihuwa da tsufa da mutuwa. Daga wannan kalma aka samo sunan wata makarantar tunani da ta haura shekara 2,300, da kuma addinin da ya tsiro daga gare ta daga baya. A yau wannan addini na cikin biyar da gwamnatin Sin ta amince da su, tare da addinin Buddha da Musulunci da ɗarikun Katolika da Furotesta, kuma yana da mabiya da dama a Taiwan da Hong Kong da Singafo da Malesiya.

Ya kamata a fayyace abu guda tun da fari. A tsoffin littattafan, Dao ba Mahalicci ba ne mai umarni da hani kamar yadda Musulmi da Kirista suka san Ubangiji. Ba ya magana, ba ya hukunci, iyakar abin da ake nema daga mutum shi ne ya daidaita rayuwarsa da shi. Addinin da ya biyo baya kuwa yana da ababen bauta masu yawa, da wuraren ibada, da malamai masu jagorantar bukukuwa da jana'iza. Saboda haka idan aka ce wani yana bin hikimar Dao, mai yiwuwa ne ana nufin mai kunna turaren wuta a gaban gunki, mai yiwuwa ne kuma ana nufin wanda bai taɓa shiga wurin bauta ba, littafi kawai yake karantawa yana motsa jiki da asuba.

Littattafai biyu

Tushen farko shi ne Dao De Jing, ɗan ƙaramin littafi mai babi 81 da haruffan Sinanci kimanin 5,000. Ana jingina shi ga Laozi, laƙabin da ke nufin tsohon malami. Masanin tarihi Sima Qian, wanda ya yi rubutu wajen shekara 100 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya ruwaito cewa Laozi mai kula da taskar takardu ne a fadar daular Zhou. Da ya ga daular ta kama hanyar lalacewa sai ya yi yamma, mai tsaron wata mashiga a kan iyaka ya roƙe shi ya rubuta abin da ya sani kafin ya wuce, ya rubuta, ya tafi, ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba. Shi kansa Sima Qian ya kawo ruwayoyi masu saɓani a kan ko wane ne mutumin, kuma yawancin masana na yanzu suna ganin littafin tarin zantuka ne da aka haɗa a hankali. Abin da aka tono daga ƙasa ya ƙarfafa wannan ra'ayi. A 1973 an samu kwafi biyu a kan siliki a wani kabari da ke Mawangdui, wanda aka rufe a shekara ta 168 kafin Miladiyya, kuma jerin sassansu ya saɓa wa wanda aka saba. A 1993 kuma aka samu wasu ɓangarori a kan sillayen gora a Guodian, waɗanda suka girmi na farko da fiye da ƙarni guda.

Na biyu shi ne Zhuangzi, mai ɗauke da sunan marubucin da ya rayu a ƙarni na 4 kafin Miladiyya. Shi littafin labarai ne da barkwanci da ba'a ga masu ji da kansu. Dukansu biyun 'ya'yan zamanin yaƙe-yaƙe ne, lokacin da ƙananan dauloli suka shafe fiye da shekara 200 suna cin juna, har zuwa 221 kafin Miladiyya. Wannan ya bayyana dalilin da ya sa suka damu da tambayar yadda mutum zai tsira da ransa da hankalinsa a duniyar da kowa ke neman gaba.

Aiki ba tare da tilas ba

Babu kalmar da aka fi yi wa gurguwar fahimta a wannan tafarki kamar wu wei. Fassararta kai-tsaye ita ce rashin aiki, shi ya sa masu suka tun zamanin da suke zargin mabiya Dao da lalaci. Abin da ake nufi shi ne aikin da babu ƙaƙaba wa al'amari abin da ba ya ɗauka. Zhuangzi ya ba da misali da wani mahauci da ke fiɗar sa a gaban basarake. Mahauci na gama-gari yakan sake wuƙa duk wata domin sara yake yi, gwani yakan sake duk shekara, shi kuwa wannan wuƙarsa ta shekara 19 tana nan da kaifinta, saboda ya san inda gaɓoɓi suka rabu, can yake bi da ita. Akwai ɓangaren labarin da masu wa'azin hutu kan tsallake: mutumin ya yi shekaru yana koyo kafin ya kai haka, kuma duk sa'ad da ya iso wuri mai sarƙaƙiya sai ya rage sauri, ya tattara hankalinsa wuri guda. Sauƙin da ake gani a hannunsa ribar doguwar wahala ce.

Dao De Jing ya fi yawan misali da ruwa, wanda ke neman kwari, ba ya jayayya da abin da ya tare shi, amma a ƙarshe ya huda dutse. Bahaushe ma ya ce durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. A rayuwar yau da kullum, mabiya sukan fassara wannan da ƙin rama gayya nan take, da barin magana idan ta isa, da sanin lokacin da ya kamata a janye hannu daga aiki ko mulki ko tarbiyyar yaro. Littafin ya kuma ware halaye uku da ya ɗauka dukiya: tausayi, da tsimi, da ƙin cusa kai gaba. Sarakunan farko na daular Han, musamman Wen da Jing a ƙarni na 2 kafin Miladiyya, sun gwada wannan ra'ayi a mulki, suka sassauta hukunci, suka rage harajin gona zuwa kashi ɗaya cikin talatin, kuma tarihin Sin yana tuna zamaninsu da yalwa.

Hisabin kai

Wanda ya san Dao ta littattafan da ake sayarwa a Turai da Amurka kaɗai zai yi mamakin tsananin horon da addinin ke ɗora wa mabiyansa. Ƙungiyar farko mai tsari ita ce ta Zhang Daoling, wadda aka kafa a yankin Sichuan a shekara ta 142 Miladiyya, aka kuma yi mata laƙabi da tafarkin awo biyar na shinkafa saboda abin da kowane gida ke bayarwa. A wurinsu cuta sakamakon laifi ce. Marar lafiya yakan keɓe a wani ɗaki shiru ya tuna kurakuransa, a rubuta su kwafi uku, a kai ɗaya kan dutse, a binne ɗaya, a jefa ɗaya a ruwa. Mai ƙaramin laifi kuma a sa shi gyaran hanya taku ɗari. Sun kuma gina masaukai inda matafiyi zai ci abinci kyauta gwargwadon cikinsa.

Daga wannan tushe aka samu al'adar kundin lada da zunubi, wadda ta bayyana a rubuce a ƙarni na 12. Kowane dare mutum zai rubuta abin kirkin da ya yi da abin assha, kowane aiki da makinsa, a ƙarshen wata a yi jimla. Malamin nan Ge Hong, wanda ya rayu daga 283 zuwa 343, ya riga ya gindaya sharaɗi mai tsauri, cewa mai neman matsayi mafi ɗaukaka sai ya yi aikin alheri 1,200 a jere, in ya yi mugun aiki ɗaya saura ƙiris ya cika, lissafi ya koma farko. Wanda ya fi yaɗa al'adar shi ne Yuan Huang, wani ma'aikacin hukuma na ƙarni na 16. Ya ba da labarin cewa wani mai duba ya ce masa zai mutu yana da shekara 53 ba tare da ɗa ba, sai ya ɗauki alkawarin ayyukan alheri 3,000 yana rubutawa. Matarsa ba ta iya rubutu ba, don haka takan ɗiga jan tambari a kan kalanda da gashin dinya duk lokacin da ta yi nata. Ya samu ɗa, ya kuma haura shekara 70. Abin lura shi ne wani malamin addinin Buddha ne ya miƙa masa kundin, domin a Sin addinai sukan yi aron juna ba tare da wani ya ɗaga gira ba.

Irin wannan hisabi ya shiga har madafa. Gidaje da yawa suna manna hoton abin bautar murhu, wanda aka yi imanin yana hawa sama ranar 23 ko 24 ga watan ƙarshe na shekarar Sinawa domin kai rahoton halin iyalin. Kafin ya tafi akan shafa masa zuma ko alewa a baki, wai don ya faɗi mai daɗi.

Numfashi da jiki

A wannan tafarki ba a raba gyaran zuciya da gyaran jiki. Zhuangzi ya ambaci zaman mantuwa da azumin zuciya, wato mutum ya zauna shiru ya saki tunane-tunane da buri har zuciya ta lafa kamar ruwan da aka bari ya kwanta. Masu yi a yau sukan zauna da sassafe ko da dare, baya a miƙe, su ja numfashi a hankali zuwa ƙasan cibiya. A kabarin Mawangdui an samu zanen mutane 44 suna miƙe-miƙe da lanƙwasa jiki, shaidar cewa wannan motsa jiki ya girmi shekara 2,000. Wasan taiji, wanda tsofaffi ke yi a lambunan biranen Sin da hantsi, ya zo daga baya. Almara ta jingina shi ga wani waliyyin dutsen Wudang, masana tarihi kuwa sun fi gano sawunsa a ƙauyen zuriyar Chen da ke lardin Henan a ƙarni na 17. A 1956 gwamnati ta fitar da gajeren salo mai motsi 24 domin talakawa, a 2020 kuma Hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado na duniya. Likitoci sun gano yana taimaka wa tsofaffi wajen daidaita tsayuwa da rage faɗuwa.

Neman tsawon rai yana da nasa baƙin tarihin. Ƙarnuka da dama masu haɗa magunguna suna dafa zaiba da dalma don samar da ƙwayar da za ta hana mutuwa, kuma sarakunan daular Tang da dama gubar wannan ƙwaya ce ta yi ajalinsu. A cikin irin waɗannan gwaje-gwaje ne aka gano albarushi wajen ƙarni na 9. Daga bisani malamai suka mayar da dafuwar cikin jiki, aka ɗauki numfashi da natsuwa a matsayin tukunya da wuta. Sa'ad da Genghis Khan ya kira malami Qiu Chuji, tsoho mai shekara fiye da 70, suka haɗu a 1222 a yankin da ke Afghanistan ta yau, ya tambaye shi maganin mutuwa. Malamin ya gaya masa gaskiya cewa akwai hanyoyin kiyaye lafiya, amma babu maganin mutuwa, ya kuma shawarce shi ya rage zubar da jini da bin sha'awa. Sarkin bai yi fushi ba, ya ma yafe wa malaman ɗarikar haraji.

Akwai gadon wannan bincike da ya iso har asibitocin Najeriya da Nijar. Ge Hong ya rubuta littafin magungunan gaggawa, a ciki ya ba da shawarar a jiƙa wani ganye dangin tazargade a ruwa, a matse a sha don zazzaɓi mai zuwa yana komawa. Wannan bayani ne ya ankarar da masaniya Tu Youyou cewa zafin wuta na lalata sinadarin, ta koma tatsarsa da ƙarancin zafi a 1971. Daga nan aka samu atimisinin, ginshiƙin magungunan zazzaɓin cizon sauro na yanzu, ita kuma ta samu lambar yabo ta Nobel a 2015.

Halin da ake ciki

Manyan ɗarikun addinin biyu ne. 'Yan Quanzhen, wadda Wang Chongyang ya kafa a ƙarni na 12, suna zaman zuhudu a gidajen ibada, ba sa aure, ba sa cin nama, suna karatun safe da na yamma. 'Yan Zhengyi kuwa suna aure su zauna cikin jama'a, ana gayyatarsu bukukuwa da zaman makoki. Talakan mabiyi yakan kunna turare ranar 1 da ranar 15 ga watan Sinawa. A lokacin Juyin Al'adu, daga 1966 zuwa 1976, an rufe ko an rusa wuraren ibada, aka tilasta wa malamai komawa gona da masana'anta. An fara buɗe su daga ƙarshen shekarun 1970 a ƙarƙashin sa idon hukuma, ta hannun ƙungiyar mabiya Dao ta ƙasa da aka kafa a 1957, mai hedikwata a gidan ibadar Farin Gajimare da ke Beijing. Sabuwar matsalar ita ce yawon buɗe ido, domin a wasu duwatsu masu tsarki masu sayar da tikiti da tsaraba sun fi masu ibada yawa.

A wajen Sin kuwa, Dao De Jing na cikin littattafan da aka fi fassarawa a duniya. Stanislas Julien ya fitar da shi da Faransanci a 1842, James Legge da Ingilishi a 1891, wasu kuma daga cikin fassarorin da suka fi kasuwa a Amurka mutanen da ba su iya Sinanci ba ne suka yi su, suna tsinto ma'ana daga aikin wasu. A hannun irin waɗannan ne tafarkin da ke sa mai laifi gyaran hanya ya koma shawarar kwantar da hankali ga ma'aikacin ofis. Masu nazari na haƙiƙa ma ba su rasa ba. Masanin Japan Toshihiko Izutsu, wanda ya fassara Alƙur'ani zuwa harshensu, ya rubuta babban littafi a shekarun 1960 yana kwatanta tunanin Laozi da Zhuangzi da na Ibn Arabi, kuma har yanzu ana karanta shi a jami'o'i. Babban kundin nassoshin addinin da aka buga a 1445 yana ɗauke da littattafai kusan 1,500, kaɗan ne daga cikinsu aka fassara zuwa wani harshe.