Lissafin rayuwar bakteriya a kwamfuta: daga kwandon daddawa zuwa asibiti

A Kankiya da Kusada da ƙauyukansu, kamar sauran ƙasar Hausa, mata sun gaji sana'ar daddawa kaka da kakanni. Akan dafa kalwa ta daɗe a kan wuta, a surfe ta, a wanke, a sake dafawa, sannan a rufe ta kwana biyu zuwa uku. Abin da ke mayar da kalwa daddawa a waɗannan kwanaki aikin wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, wato bakteriya, musamman jinsin da masana ke kira Bacillus subtilis. Ita ce ke farfasa furotin ɗin kalwa, ta fitar da sinadaran da ke ba miya ɗanɗano, da kuma amoniya mai kawo warin nan da kowa ya sani. A yau masana na iya lissafa irin wannan aiki a kwamfuta kafin su shiga ɗakin gwaji.

Mene ne wannan fanni?

Kowace bakteriya tana cin abinci, ta sarrafa shi ta hanyar ɗaruruwan sauye-sauyen sinadarai, ta samu ƙarfi da kayan gina jikinta, ta fitar da saura. Umarnin wannan aiki yana rubuce a kundin gadonta. Idan aka karanta kundin, sai a jera dukkan sauye-sauyen da take iya yi, a haɗa su su zama taswira guda ta lissafi. Wannan taswira ita ake kira samfuri.

Ka'idar aikin ba baƙuwa ba ce ga ɗan kasuwa ko akawu. Abin da ya shiga shago dole ya yi daidai da abin da ya fita da abin da ya rage. Haka ake ɗauka cewa duk sinadarin da aka samar a cikin bakteriya ana amfani da shi daidai gwargwado, ba ya taruwa. Sai a gaya wa kwamfuta irin abincin da ke akwai da yawansa, ita kuma ta lissafo hanyar da za ta fi ba halittar saurin yaɗuwa. Daga nan ana iya tambayarta: idan aka rage iska, ko aka canza abinci, ko aka toshe wata ƙwayar gado, me zai faru?

Tarihi a taƙaice

A 1995 aka kammala karanta kundin gadon bakteriya na farko, na Haemophilus influenzae. A shekarar ce kuma Minoru Kanehisa na Jami'ar Kyoto da ke Japan ya kafa KEGG, rumbun bayanai kan hanyoyin sarrafa abinci a jikin halittu. A 1999 Jeremy Edwards da Bernhard Palsson na Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego a Amurka suka fitar da samfurin farko na wannan bakteriya, a 2000 kuma suka yi na Escherichia coli. Samfurin E. coli na 2017 ya ƙunshi ƙwayoyin gado 1,515 da sauye-sauye fiye da 2,700.

Ita ma bakteriyar daddawa ba a bar ta a baya ba. An karanta kundin gadonta a 1997, aka samu ƙwayoyin gado kimanin 4,100. A 2007 aka fitar da samfurinta mai ƙwayoyin gado 844, a 2009 aka yi wani mai 1,103. Da bayanai suka yawaita, sai aka koma gina samfura da yawa a lokaci guda: tarin AGORA na 2017 ya ƙunshi bakteriyar hanjin ɗan'adam 773, wanda ya biyo bayansa a 2023 kuma ya kai 7,302.

Amfaninsa ga abinci

Mai daddawa ta san cewa kwando ba ya zama ɗaya da ɗan'uwansa: wani ya yi daɗi, wani ya lalace, jari ya tafi. Dalili shi ne bakteriyar da ke aikin tana zuwa ne da kanta daga kwando da ganye da iska, wani lokaci tare da masu cutarwa. A Japan ana yin wani abinci na waken suya mai suna natto da wannan jinsi na bakteriya, amma da zaɓaɓɓen iri da ake zubawa da gangan, shi ya sa kayansu ke fita bai ɗaya. Samfurin kwamfuta na taimakawa wajen tantance irin da ya fi dacewa da yanayin da yake so. Haka abin yake ga nono da kindirmo, domin bakteriya masu tsamar da madara su ma an yi musu samfura tun 2005.

Amfaninsa ga lafiya

Wani bincike da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.27 sun mutu a 2019 sakamakon bakteriyar da ta daina jin magani, kuma Afirka ta Yamma ce abin ya fi shafa idan aka auna da yawan jama'a. Samfuri yana nuna sauye-sauyen da bakteriya ba za ta rayu ba idan aka toshe su, kuma a nan masu neman sabon magani ke kai hari. An yi wa bakteriyar tarin fuka irin wannan samfuri a 2007, kuma ana amfani da shi wajen nazarin yadda take cin kitse a jikin majinyaci ta daɗe a ɓoye.

Iyakarsa

Samfuri hasashe ne, sai ɗakin gwaji ya tabbatar da shi. Har yanzu akwai ƙwayoyin gado masu yawa da masana ba su gano aikinsu ba, kuma a kwandon daddawa ko hanjin mutum jinsuna da dama ne ke zaune tare suna cin abin da juna suka fitar. Babban abin lura shi ne, samfurin Bacillus subtilis na farko an gina shi ne kan wani iri da aka daɗe ana renonsa a ɗakin gwaji, alhali irin da ke cikin kalwar Kusada yana iya bambanta da shi. Lissafi ba ya wuce ingancin bayanan da aka ba shi.

A nan ne yankin ke da abin bayarwa. Kankiya na da babban asibiti da makarantar koyon aikin lafiya, ga Jami'ar Tarayya ta Dutsinma da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina. Yawancin rumbunan bayanai da manhajojin wannan fanni kyauta ne a intanet, kuma ƙaramar kwamfuta ta isa gudanar da samfurin bakteriya guda. Abin da ke buƙatar kuɗi da tsari shi ne tattara bakteriyar gida daga kasuwanni da asibitoci, da karanta kundin gadonta, da adana sakamakon yadda ɗalibai za su iya aiki da shi.