Bambai: Birnin Da Aka Bayar A Gara

Na daɗe ina rubuta littattafan soyayya, amma ban taɓa ƙago gara irin wadda na tarar a tarihin Bambai ba, birnin nan na Indiya da muka tashi muna kallon finafinansa.

Asalinsa tsibirai bakwai ne, mazaunansu masunta 'yan ƙabilar Koli. A 1534 Sarkin Gujarat, Bahadur Shah, ya sallama su ga Turawan Fotugal. A 1661, da aka ƙulla auren gimbiyar Fotugal Catherine da Sarkin Ingila Charles na Biyu, sai aka sa tsibiran cikin garar amarya. Ango ya ga ɗawainiya ta fi riba yawa, a 1668 ya ba Kamfanin East India hayarsu a kan fam 10 a shekara.

Kamfanin ya taso da hedikwatarsa daga Surat a 1687. Aka yi ta cike teku har tsibiran suka haɗe. A 1853 jirgin ƙasan fasinja na farko a Indiya ya tashi daga nan zuwa Thane. Da yaƙin basasar Amurka ya ɓarke a 1861, auduga ta yi tsada a Ingila, fataken Bambai suka kuɗance.

Ni dai masuntan nan ne suka tsaya min a rai. Sau uku ana sauya musu ubangida, ba wanda ya tambaye su. Sai a 1995 aka mayar da sunan birnin Mumbai, daga Mumba, abar bautarsu.