Yarinyar talabijin da ta riƙe lissafi

Duk sanda na ji wani uba ya ce lissafi ba na ƴaƴa mata ba ne, Danica McKellar nake tunawa. An haife ta a Amurka a 1975. Tana da shekara 13 aka fara nuna ta cikin shirin talabijin mai suna The Wonder Years, inda ta fito a matsayin Winnie Cooper daga 1988 har 1993.

Wasan bai raba ta da karatu ba. Dokar jihar Kalifoniya ta tilasta a ba yaro ɗan wasa awa 3 na darasi, tare da malami, duk ranar makaranta da ya yi a wurin aiki.

Shirin ya ƙare tana da shekara 18, lokacin da galibi ake mantawa da irin waɗannan yara. Ita kuwa ta shiga jami'ar UCLA, ta karanta lissafi, ta gama a 1998 da sakamako mafi daraja. Ita da malaminta Lincoln Chayes da wata ɗaliba, Brandy Winn, sun tabbatar da wata ƙa'idar lissafi da ake kira da sunansu. A 2007 ta fitar da littafin lissafi na farko domin ƴan matan kolej, kuma ba ta bar wasa ba.

Iyaye da malamai, ni awa ukun nan na fi dubawa. In yarinya tana talla ko aikin gida, awa nawa muke ware ma karatunta?