Tabon da Ke Zuwa da Sabuwar Kyamara

A zamanin fim, aibin hoto ba ya zama wuri ɗaya. In ƙura ta hau nagatif, hoto ɗaya ta ɓata. Da ka murɗa, sabon fim ya zo, ƙurar ta tafi da na baya. In kuwa naɗin ne gaba ɗaya zafi ya lalata, ko ya daɗe a kanti, hoto 36 ka yi asara, gobe ka sayi wani. Mu da muka koyi sana'ar nan a ɗakin duhu, hannu tsamo-tsamo cikin ruwan wankin hoto, mun san irin wannan asara, mun kuma san inda ta tsaya. Kyamarar dijital ba haka take ba. Fim ɗinta guda ɗaya ne tak, wato ɗan farantin nan mai karɓar haske da ake kira sensa, kuma tun daga masana'anta aka dasa shi a cikinta. Duk lahanin da ya zo da shi zai fito a hoton farko, ya fito a na dubu goma, a gurbi ɗaya, sai dai in an buɗe cikin kyamarar.

Kyamarar dijital ta farko da Steven Sasson ya harhaɗa a kamfanin Kodak a 1975 ɗigo 10,000 kacal take ɗauka, baƙi da fari, kuma sai ta yi daƙiƙa 23 kafin ta rubuta hoto ɗaya a kan kaset. Ba wanda ya yi ƙorafi, don ba a kai ta kasuwa ba. Ƙorafi ya fara ne da mutane suka fara zaro kuɗi.

Wani babban lahani da ya girgiza kasuwa ya fito fili a watan Oktoba na 2005. Ƙananan kyamarori na aljihu da na bidiyo suka riƙa makancewa: wata ta nuna baƙi ƙirin, wata hoton ya narke da zane-zane ruwan shunayya. Da aka bi diddigi sai aka tarar tushen ɗaya ne, sensar da Sony ya ƙera tsakanin ƙarshen 2002 da farkon 2004, wadda shi kansa ya yi amfani da ita, ya kuma sayar wa Canon da Nikon da Fujifilm da Olympus da Konica Minolta da wasunsu. Siraran wayoyin da ke cikin sensar ne ke saki, kuma abin da ke gaggauta sakin shi ne zafi da laima. Kamfanonin sun yi shelar gyara kyauta. Amma ka tuna zafin bazarar Sakkwato ko Maiduguri, ka tuna laimar watan Agusta a Kano, sannan ka tambayi kanka ina mai kyamara a Zinder zai kai tasa a wancan lokacin. Ƙasashen da yanayinsu ya fi kashe waɗannan kyamarori su ne suka fi nisa da wurin gyara. Da yawa daga cikinmu sun ɗauka su ne suka yi sakaci, suka jefa kyamarar a kwali suka haƙura.

Labarin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Leica M8. Leica kamfanin Jamus ne da masu ɗaukar hoto ke ambata da girmamawa, kuma M8 ita ce ta farko ta dijital a jerin M, wadda aka bayyana a Satumbar 2006, kuɗinta na neman dala 5,000. Mutanen da suka yi shekaru suna jira suka saya, suka ɗauki hoton wani sanye da baƙar kwat, sai kwat ta fito ja-ja mai shunayya.

Dalilin yana da daɗin fahimta. Sensa tana ganin wani haske da idon ɗan Adam ba ya gani, wato infared, shi ya sa ake ɗora mata gilashi a gaba don ya tare shi. To a kyamarorin M, gilashin idon kyamarar yana zama kusa ƙwarai da sensa, haske yana faɗowa a karkace a gefe-gefe, in matariyar ta yi kauri sai kusurwoyin hoto su dagule. Injiniyoyin suka zaɓi siririya, rabin milimita, don hoto ya fita tas har gefe. Ya kuwa fita tas, amma infared ya samu hanya. Yadin roba baƙi yana mayar da wannan haske sosai, saboda haka ido na ganin baƙi, kyamara na ganin wani launi dabam. Duk wanda ya taɓa ɗaukar hoton walima a nan ya san abin da hakan ke nufi: jerin mata cikin baƙar abaya da hijabi, kusan duk yadin roba, kowace ta fito da launin da ba ta saka ba. Kamfanin ya ba kowane mai kyamarar matariya biyu kyauta a ɗaura a bakin gilashin ido, sai kuma matariyar ta jawo wani launi mai kore-kore a kusurwoyi idan gilashin mai faɗin gani ne, dole aka sake gyara manhajar cikin kyamarar. Na farko-farkon da aka sayar ma sai da aka mayar da su masana'anta saboda wasu zane-zane da ke bin haske mai ƙarfi.

Akwai wani ɓangare na wannan labari da ban taɓa mantawa ba. Michael Reichmann, wani sanannen mai sharhin kyamara ɗan Kanada, ya ga wasu daga cikin matsalolin tun kafin kyamarar ta bazu, ya sanar da kamfanin, aka roƙe shi ya dakata, sai ya fitar da sharhinsa ba tare da su ba. Daga baya ya fito ya faɗi abin da ya faru. Ina ganin girmansa a kan fitowar da ya yi, amma kafin nan mutane sun riga sun biya kuɗinsu bisa maganarsa. Tun daga lokacin nake auna kowane yabo da aka yi wa kyamara a makon fitowarta da tambaya ɗaya: wa ya ba mai yabon kyamarar?

Ba kowane lahani ne ya zama rigima ba. Canon EOS 5D Mark II ta fito a ƙarshen 2008 da wasu baƙaƙen ɗigo da ke maƙalewa a gefen ƙananan fitilu a hoton dare. Kamfanin ya amsa laifi cikin 'yan makonni, a Janairun 2009 ya fitar da gyaran manhaja, zance ya mutu, kyamarar ta ci gaba ta zama abin da masu shirya fim da ƙaramin jari suka rungume a ko'ina. Fujifilm X10 ta 2011 ba ta yi wannan sa'ar ba. Duk inda haske ya ƙyalla, a jikin mota ko kan ruwa, sai ya zama farin faifai mai kaifin baki. An gwada manhaja bai yi ba, don ciwon a jikin sensar yake, sai a 2012 aka ƙera wata aka riƙa musanya wa mutane.

In ka jera ranakun da aka bayyana irin waɗannan kyamarori za ka ga wani abu. M8 a Satumbar 2006, 5D Mark II a Satumbar 2008, Nikon D600 a Satumbar 2012, D750 a Satumbar 2014. A wancan zamani ana yin babbar baje-kolin kayan hoto ta Photokina a birnin Kolon na Jamus duk bayan shekara biyu, a watan Satumba, ga kuma cinikin Kirsimeti na tafe. A ganina nan gizo ke saƙar. Kamfani a irin wannan lokaci kamar tela yake a daren sallah: ya riga ya yi alkawari, mai kaya na tsaye a bakin shago, ko an gama ko ba a gama ba sai an miƙa. Gwajin da ya kamata a yi wata shida ana yi sai ya koma kan waɗanda suka fara saye, su biya cikakken kuɗi, su kuma yi wa kamfani aikin gano aibi.

D600 ce ta fi nuna wannan ƙarara. Ta zo da babbar sensa mai megafiksel 24 a kan dala 2,100, farashin da a lokacin ya yi sauƙi ga irinta, aka yi ta rububi. Ba a yi nisa ba masu ita suka fara ganin ɗige-ɗige, yawanci a kusurwar sama ta hagu. Ƙura a kan sensa ba baƙon abu ba ce, tana shiga in ana canza gilashin ido, shi ya sa tun 2003 Olympus ya fito da dabarar girgiza ta ta faɗi. Amma wannan daga ciki take fitowa. Roger Cicala na kamfanin bayar da hayar kayan hoto na Lensrentals a Amurka ya rubuta cewa D600 ɗinsu na dawowa da datti fiye da kima. Wani mai zane a Toronto ya ɗora sabuwa fil a gaban farar takarda, ya ɗauki hoto 1,000 bai cire gilashin ido ko sau ɗaya ba, ya haɗa su suka zama bidiyo, kowa ya ga ɗigon na ƙaruwa da idonsa. Masu kyamarar suka ce mai ne da ɓurɓushi daga labulen da ke buɗewa ya rufe a gaban sensa.

Amsar da Nikon ya bayar a Fabrairun 2013 ba ta wuce a goge ba, ko a kai wurin gyara. A goge, ya dawo. A Oktoban shekarar sai ga D610, kusan komai nata iri ɗaya da D600 in ban da sabon labule, ba tare da an ce ga dalili ba. Wanda ya sayi D600 watanni kaɗan kafin nan ya wayi gari darajar kayansa ta zube. Sai da lauyoyi a Amurka suka fara haɗa ƙarar taron dangi, sannan a Fabrairun 2014 kamfanin ya ce zai canza labulen kyauta ko garanti ya ƙare. A ranar 15 ga Maris 2014, ranar kare haƙƙin masu saye ta duniya, gidan talabijin na gwamnatin Sin ya saka D600 a shirinsa na tonon silili, hukumomi a Shanghai suka ba da umarnin a daina sayar da ita. Kafin watan ya ƙare kamfanin ya yarda zai ba da sabuwar kyamara ga wanda aka gyara wa abin ya ƙi. Shekara ɗaya da rabi ke nan daga fitowarta.

Ba na zargin injiniya don ya yi kuskure. Abu ne mai ɗigo miliyan 24, kowane ɗigo ya fi silin gashi ƙanƙanta nesa ba kusa ba, ga labule na tsalle a gabansa sau dubbai. Abin mamaki ma shi ne yawancinsu na fitowa lafiya. Abin da ke ƙona mini rai shi ne watannin nan na shiru, lokacin da ake barin mai kaya yana zargin kansa. Kuma abin da ya karya shirun bai wuce lauya da talabijin da hukuma mai haƙori ba. Mu da muke sayen kayanmu na hannu, bayan sun yi shekaru a Turai ko Dubai, ba rasit ba garanti, ba mu da ko ɗaya daga cikin ukun nan a kan wannan magana.

Na taɓa riƙe wata ta hannu, ba cikin waɗanda na ambata ba, mai irin wannan ciwo. Na kai hotunan ɗaurin aure, uban ango ya ɗaga ɗaya kusa da fuskarsa, ya sa yatsa a kan farar shaddarsa.

"Malam mai hoto, wannan baƙin abu a kafaɗata daga ina? Rigar nan ranar na fara sa ta."

"Ranka ya daɗe, rigarka ba ta da komai. Daga cikin kyamara ne. A ba ni zuwa jibi."

Na koma na zauna gaban kwamfuta ina bin hotuna ɗaya bayan ɗaya ina share ɗigo ɗaya a gurbi ɗaya har aka kira assalatu. Ɗaurin aure ba a maimaita shi, kuma farar shadda da farin bango da sararin samaniyar hunturu, waɗanda su ne rabin aikinmu, su ne ainihin inda irin wannan tabo ke fitowa fili.

Shi ya sa duk yaron da ya tara kuɗinsa ya zo mini da zancen sayen kyamara, ba na barinsa ya tafi shi kaɗai. Muna zuwa da farar takarda. A tsuke ƙofar haske zuwa 16 ko 22, a kawar da saiti don takardar ta dushe, a ɗauka, a buɗe hoton a babban allo a bi shi kusurwa-kusurwa. Sai a ɗauki hotuna masu yawa a jere ba tare da an cire gilashin ido ba, a sake gwada takardar. In ɗigon ya ƙaru, daga ciki yake, a ajiye ta. A rufe bakin gilashin a ɗauki duhu na rabin minti a ga ko fararen ɗigo ko jajaye za su fito. A ɗauki baƙin hijabi a rana. A juya ta wajen fitila, don D750 ta zo da wata baƙar inuwa da ke yanke hasken da ke shigowa daga sama, har a farkon 2015 Nikon ya kira a kawo a gyara kyauta. Waɗanda aka duba aka gyara, kamfanin ya sa musu ɗan baƙin ɗigo a cikin ramin da ake ɗaura ƙafar kyamara, haka ma ya yi wa D810 mai fitar da fararen ɗigo a hoton dare. Saboda haka in ɗaya daga cikin biyun nan ce, kafin a fara ciniki sai na kifa ta, na haska ramin da fitilar waya, na nuna wa yaron abin da zai nema.