BABI NA BIYU: TARIHIN KARKATAR HAUSAWA GA GIDAJEN REDIYON ƘASASHEN WAJE

2.0 Shimfiɗa

A wannan babi za a yi ƙoƙarin bin diddigin yadda Bahaushe ya fi amincewa da labarin da ya ji daga Landan ko Jamus a kan wanda gidan rediyon ƙasarsa ya ba shi. Sau da yawa akan danganta wannan ɗabi'a da raina kai, wato ganin cewa duk abin da ya fito daga Bature ya fi na gida. Za a duba tarihi domin a ga ko wannan zargi ya wadatar.

2.1 Zuwan Rediyo Ƙasar Hausa

Rediyo ya iso birnin Kano a shekarar 1944, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A wancan zamani akwati ne ake jawo wa waya daga tashar gwamnati, ana kafa shi a gidaje da wuraren taruwar jama'a, kuma wani ɓangare na shirye-shiryensa daga BBC ake ɗauko shi. Ke nan tun ran gini, muryar Ingila Bahaushe ya fara sani a matsayin tushen labarin duniya. A ranar 13 ga Maris, 1957 aka buɗe Sashen Hausa na BBC. Muryar Jamus ta biyo baya a 1963, sannan Muryar Amurka a 1979.

A gida kuwa, gwamnatin Jihar Arewa a ƙarƙashin Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, ta kafa gidan rediyo da talabijin na Kaduna a 1962. Wannan gida ya samu karɓuwa matuƙa, musamman ta fuskar waƙoƙin gargajiya da wasannin kwaikwayo da gaishe-gaishe.

2.2 Zamanin Mulkin Soja

Matsalar ta fito fili ne ta fuskar labarai. Daga 1966 zuwa 1999 soja ne suka fi daɗewa a kan mulki, kuma har zuwa farkon shekarun 1990 babu gidan rediyo ko ɗaya a Nijeriya da ba na gwamnati ba. A 1978 aka haɗa manyan tashoshi, har da ta Kaduna, a ƙarƙashin Hukumar Rediyon Tarayya. Haka kuma Doka ta 4 ta shekarar 1984 ta haramta yaɗa abin da zai kunyata jami'in gwamnati, kuma da ita aka ɗaure 'yan jarida biyu, Tunde Thompson da Nduka Irabor. A irin wannan hali, ma'aikacin gidan rediyon gwamnati ba ya iya faɗar abin da ya sani. Saboda haka in an yi juyin mulki ko rikici, sai jama'a su murɗa akwatinsu zuwa gajeren zango. Daga nan kalmar "BBC ta faɗa" ta zama hujjar kashe gardama a majalisa da teburin mai shayi.

Wani abin lura shi ne, masu karanta labaran nan daga Landan da Jamus da Amurka Hausawa ne, da yawansu ma a gidajen rediyon gida suka koyi aiki. Ashe ba harshensa ko ɗan'uwansa mai sauraro ya raina ba. Mai gidan rediyon ne bai yarda da shi ba.

Doka ta 38 ta 1992 ta ba da damar kafa tashoshi masu zaman kansu. Da aka buɗe Freedom Radio a Kano a 2003, jama'a suka rungumi shirye-shiryenta na siyasa da koke-koke hannu bibbiyu, abin da ya ƙara nuna cewa ƙishirwar gaskiya ce ta kai su waje.

2.3 Naɗewa

Daga bayanan da suka gabata, za a iya cewa mulkin mallaka ne ya shuka ɗabi'ar girmama muryar Bature, amma takunkumin gwamnatocin gida ne ya rene ta. Don haka kiran ta raina kai kawai ɗora wa mai sauraro laifin da ba nasa ba ne. Babi na gaba zai duba tasirin waɗannan tashoshi a kan ƙirƙirar sababbin kalmomi a Hausa.