Daga Tsoron Bom Zuwa Karatun Tsohon Hoto

Ranar 6 ga Satumba, 1939, kwana uku kacal da Birtaniya ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu, jiragen yaƙinta samfurin Spitfire suka tashi tarar abokan gaba a gabashin Landan. Suka hango wasu jirage, suka buɗe musu wuta, suka kakkaɓo biyu. Da ƙura ta lafa sai aka ga ashe ba Bajamushe ko ɗaya a sararin samaniyar. Jiragen da aka harbo Hurricane ne na rundunar Birtaniya, kuma matuƙin ɗaya daga ciki, Montague Hulton-Harrop, ya rasa ransa. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. A wancan zamani, rashin bambance kama da ainihi rai yake ci.

A irin wannan yanayi aka raini sha'awar da yau ake yi don nishaɗi, wato a ɗauko tsohon hoton jirgin sama a faɗi sunansa da asalinsa. Tsiron dai ya riga yaƙin fitowa. Tun 1909 Fred T. Jane ya fara fitar da kundin jiragen duniya da har yanzu ake bugawa da sunansa. A 1925 aka kafa rundunar 'yan sa-kai masu tsaron sararin Birtaniya, wadda aikinta zura wa sama ido da kai rahoto. Amma yaƙi ne ya mayar da abin darasi. A Janairun 1941 aka fara buga mujallar The Aeroplane Spotter ƙarƙashin Peter Masefield, cike da baƙaƙen zane na inuwar jirage, kowanne ta fuska uku: gaba, gefe da ƙasa. Ana koya wa mutum ya duba abu huɗu a jere: fiffike, inji, gangar jiki da wutsiya.

Amurkawa suka ga wannan lissafi yana cin lokaci, domin kafin ka gama ƙirga injuna jirgi ya sauke maka kayansa. Wani masanin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Jihar Ohayo, Samuel Renshaw, ya kawo wata dabara: a haska hoton jirgi a bango na ƙasa da ƙiftawar ido, a yi ta maimaitawa har ido ya haddace siffar ɗungurungum. Abin da Bafulatani yake yi ke nan da garkensa. Ba ya tsayawa auna ƙaho kafin ya ce wannan bunaji ce, waccan rahaji. Kallo ɗaya ya ishe shi. A 1942 kuma aka nemi 'yan makarantar Amurka su sassaƙa ƙananan jiragen katako dubu 500 don horar da sojoji, kowanne kashi 1 cikin 72 na girman na gaske. Har katin karta aka buga da inuwar jirage, don soja ya yi karatu yana wasa.

Da aka ajiye makamai a 1945, sai aka wayi gari da dubban mutane masu idon da ya goge, ga shi babu abokin gabar da za a hango. Maimakon su watsar, sai suka koma bakin shingen filayen jirgi da littafi da alƙalami. A 1948 suka kafa ƙungiyar Air-Britain, wadda ta duƙufa wajen tattara tarihin jirage ɗaya bayan ɗaya. A nan tambayar ta sauya. Da can ana tambaya, namu ne ko nasu? Yanzu kuwa, wane ne wannan, wace shekara aka ƙera shi, hannun wa da wa ya bi, ina ya ƙare?

Mabuɗin amsar shi ne harufan da ke jikin jirgi. Tun yarjejeniyar Faris ta 1919 kowace ƙasa take da shaidarta, kamar yadda ake yi wa raƙumi lamba: G ta Birtaniya, F ta Faransa. Najeriya a zamanin Turawa VR-N take ɗauka, bayan 'yancin kai a 1960 ta koma 5N. Nijar 5U, Gana 9G, Sudan ST. Wanda ya karanta harufa biyar a jikin jirgi, ya kama bakin zaren tarihinsa.

Daɗin abin kuwa yana inda harufan ba su fito ba. Hoto ya dushe, ko wani ya tsaya daidai kan lambar da babbar rigarsa. Sai a koma ƙananan alamomi. Ɗauki jirage uku da suka sauka Kano ranar 1 ga Nuwamba, 1925, daga Masar, ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham. Samfurin DH.9A ne, kuma yana da yaya mai suna DH.9 da ido zai iya rikita su. Hanci ne ke raba gardama: na DH.9A faffaɗa ne mai lagireto a gaba saboda injin Liberty na Amurka, na yayan kuwa siriri ne, kan injin ya leƙo waje. Haka Argonaut, wanda kamfanin BOAC ya yi ta zirga-zirga da shi ta Kano a shekarun 1950. Jikinsa na gidan DC-4 ne, amma a Kanada aka ƙera shi, da injunan Merlin irin na Spitfire. Wanda ya kalli jiki kawai zai ce DC-4. Wanda ya kalli inji zai yi murmushi.

Zuwan intanet ya tara masu wannan ido wuri ɗaya. Taskar hotuna ta Airliners.net ta soma a 1997, kuma abin da a da sai an yi watanni ana musayar wasiƙu a kansa ya koma aikin dare ɗaya. Abin yakan zo da rigima. A 2001 hukumomin Girka suka kama masu wannan sha'awa, 'yan Birtaniya 12 da 'yan Holan 2, a wani sansanin soja da ke Kalamata bisa zargin leƙen asiri, sai a shekara ta gaba kotun ɗaukaka ƙara ta wanke waɗanda suka kai ƙara gabanta. Yakan kuma zo da amfani. Lambobin da irin waɗannan mutane suka rubuta sun taimaka wa 'yan jarida gano jiragen da hukumar leƙen asirin Amurka ta yi jigilar fursunoni da su a ɓoye. A 2012 kuma aka tsinci wani jirgin yaƙi Kittyhawk a hamadar Masar, kusan cikakke. Hotunansa suka karaɗe duniya, aka bi diddigi aka gano shi ne ET574, wanda ya ɓace da matuƙinsa Dennis Copping a Yunin 1942. Shekara 70 yana kwance a rairayi yana jiran mai karanta shi.

Irin wannan jira ake yi a akwatunan gidajenmu. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, jiragen da aka harhaɗa a Takoradi sun riƙa bi ta Kano da Maiduguri da Fort Lamy da Khartoum zuwa Alƙahira. Bayan hotunansu, ga hotunan alhazai a gindin matakalar jirgi, waɗanda jikoki ke kallo suna gardamar shekara. Kowa fuskar Alhaji yake kallo. Wanda ya ɗaga ido kaɗan zuwa bayansa, ya ga ko farfela ce ko jet, ya ƙirga tagogi, ya duba ko VR-N aka rubuta ko 5N, zai iya gaya wa dangi ko kakan nasu ya sauke farali kafin a sauke tutar Ingila ne ko bayanta.