Ƙara wa tsohuwar kat-kat tsayi: yadda ake zaɓen sifirin da shokazoba

Daga Agadas zuwa Abeche, daga Marwa zuwa Faya, tsofaffin motocin Toyota Land Cruiser da Hilux da Nissan Patrol ne ke ɗaukar mutane da kaya a hanyoyin da kwalta ba ta kai ba. Da yawansu sun haura shekara 20 suna aiki, kuma abin da ke fara gajiya a jikinsu shi ne sifirin da shokazoba, waɗanda makanikai a ƙasashen Faransanci ke kira lam da amotisar. Idan mota ta durƙushe, mai ita yakan nemi kayan da za su ɗaga ta sama. Zaɓen waɗannan kaya yana farawa ne daga irin motar da nauyin da take ɗauka, sannan a zo ga yawan tsayin da ake so.

Abin da ɗagawar take ƙarawa

Kayan ɗagawa suna nisanta shasi da jikin mota daga ƙasa. Wannan yana rage bugun ciki a kan tudun rairayi da gaɓar kwari, yana kuma ba taya sararin hawa da sauka. Sai dai a motar da ƙafafunta biyu ke haɗe da aksul guda, ƙullin da ke tsakiyar aksul ɗin yana nan inda yake komai tsayin sifirin. Taya ce kaɗai ke ɗaga shi, ita ma da rabin abin da ta ƙaru. Taya mai lamba 235/85R16 tsayinta kusan santimita 80 da rabi ne, mai lamba 255/85R16 kuma kusan 84. Wanda ya sauya ta farko da ta biyu zai samu ƙarin da bai kai santimita 2 ba a ƙarƙashin aksul. Don haka direban da ƙullin aksul ne ke maƙale masa a tsakiyar sawun manyan motoci, sifirin mai tsayi ba zai raba shi da wannan matsala ba.

Kowace mota da irin ƙafarta

Land Cruiser 60, wadda aka fara ƙerawa a 1980, tana da sifirin mai ganye gaba da baya. Haka ma manyan samfuran Land Cruiser 70 da suka fito a 1984, irin su 75. A 1999 kamfanin ya mayar da gaban waɗannan motoci kan sifirin mai nannaɗe, ya bar ganye a baya, wato samfuran 78 da 79. Land Cruiser 80 ta 1990 nannaɗe ce a ƙafafu huɗu. Land Cruiser 100 ta 1998 kuwa kowace ƙafar gaba tana motsi ita kaɗai a kan sandar ƙarfe mai murɗuwa, in ban da samfurin 105 da ya riƙe aksul guda. Hilux ma ta sauya tsari fiye da sau ɗaya: tsofaffi masu ganye a gaba, na tsakiya masu sandar murɗuwa, sai na 2005 zuwa sama masu nannaɗe.

Saboda haka sunan mota kaɗai bai isa a yi odar kaya ba. Ana buƙatar lambar shasi da shekarar ƙira, a kuma leƙa ƙarƙashin motar a gani da ido, domin motar da ta ratsa hannaye da yawa wataƙila an riga an sauya mata aksul ko sifirin na wata.

A fara da awo

Kafin a sayi komai, a tsayar da motar a wuri mai lebur, a auna daga tsakiyar ƙafa zuwa bakin ƙarfen da ke saman taya, a kusurwa huɗu. Awon zai nuna ɓangaren da ya fi durƙushewa. Tsohon sifirin yakan sauka da santimita da dama daga tsayinsa na asali, don haka sabon sifirin mai tsayin kamfani kaɗai na iya mayar da abin da aka rasa. Haka kuma kayan da aka rubuta musu santimita 5 za su ɗaga gajiyayyar mota fiye da haka, tunda lissafin daga tsayin sabuwar mota aka yi shi.

A duba shasi a wuraren da sifirin ke ratayuwa ko akwai tsaga ko tsatsa. A duba robobin mahaɗa da sandunan sitiyari da bututun birki. Duk wani wasa da ke cikin sitiyari zai ƙara fitowa fili bayan an ɗaga motar.

Nauyi ne ke zaɓen sifirin

Kamfanonin da suka shahara a wannan fanni, irin su Old Man Emu da Ironman 4x4 da Dobinsons na Ostareliya, suna sayar da sifirin mota guda a matakai daban-daban: na mota marar kaya, na matsakaicin kaya, da na kaya mai nauyi da ba a sauke shi. Abin da ake lissafawa shi ne nauyin da ke kan motar kullum. A gaba akwai garkuwar ƙarfe da injin jan mota da batir na biyu. A baya akwai ƙarin tanki da tayoyin safaya da jarkokin ruwa. Durom mai lita 200 na gas ya kai kusan kilo 170, ruwa kuma kowace lita kilo guda ce.

Sifirin mai ƙarfi a kan motar da ke yawo fayau yana sa ta tsalle, tayoyin baya su riƙa rabuwa da ƙasa a hanya mai gargada, birki ya ragu. Mai laushi a ƙarƙashin kaya mai yawa kuma yana kwanciya cikin ɗan lokaci, ganyayensa su fara karyewa. Akwai abin da masu jigila ya kamata su riƙe: ƙarfin sifirin ba ya ƙara iyakar nauyin da kamfani ya rubuta wa mota. Aksul da birki da shasi suna nan yadda aka ƙera su.

Me ya sa ake tsayawa a santimita 5

Ɗagawar santimita 4 zuwa 5 ita ce wadda yawancin waɗannan motoci ke karɓa ba tare da manyan sauye-sauye ba. Da zarar an zarce haka, gyara yana jawo gyara. Aksul na gaba yana ɗan juyawa, sitiyari ya daina komawa tsakiya da kansa bayan kwana, motar ta riƙa yawo a kan hanya. A motoci masu sifirin nannaɗe, sandar da ke riƙe aksul a tsakiya tana jan shi gefe guda, sai an sa mai daidaituwa. Bututun birki na roba yana iya miƙewa har ya tsinke idan ƙafa ta sauka ƙwarai. Farfela tana karkacewa ta fara kaɗawa. Yawancin tsofaffin Land Cruiser da Hilux suna da wata na'ura a baya mai rage ko ƙara ƙarfin birkin baya gwargwadon yadda kaya suka danne mota. Idan aka ɗaga motar ba a daidaita ta ba, sai ta ɗauka babu kaya, ta rage birkin.

A motoci masu sandar murɗuwa, ana iya ɗaga gaba ta hanyar ɗaure noti kawai, shi ya sa ake yawan wuce gona da iri. Sakamakon shi ne ƙafa ta rasa sararin sauka, robobin sandunan da ke juya ƙafafun gaba su riƙa yagewa, rairayi ya shiga.

Babban haɗari kuwa shi ne kifewa. Duk santimitar da aka ƙara tana ɗaga nauyin mota sama, kuma idan aka haɗa da kaya a kan rufi, kwana ɗaya cikin gudu ko gangaren tudu ya isa.

Shokazoba da zafin hanya

Shokazoba dole tsawonta ya dace da sabon sifirin. Gajeriya tana miƙewa har ƙarshe ta fizge mariƙinta, mai tsawo fiye da kima kuma tana dukan ƙasanta kafin robar tsayawa ta taɓa aksul. A doguwar hanya mai gargada, man da ke cikinta yana zafi ya yi kumfa, sai ta daina riƙe mota. Mai faɗin jiki da yawan mai ta fi jure wannan, haka ma mai ƙaramin tanki a gefe, sai dai ta fi tsada kuma gyaranta na buƙatar gwani. Ga motar da ke aiki nesa da manyan garuruwa, samun madadi a kasuwa mafi kusa abin dubawa ne kamar ingancin kayan.

Hanyoyin araha

Ƙara ganye ɗaya a cikin sifirin yana taimaka wa ɗaukar kaya, amma tsofaffin ganyayen suna nan da gajiyarsu. Tsawaita ƙarfen da sifirin ke lilo a kansa yana ba da kusan rabin tsawon da aka ƙara, yana kuma karkatar da aksul. Gasa ganye a wuta don a lanƙwasa shi yana kashe ƙarfinsa, ba ya daɗewa sai ya koma ko ya karye. Dungun ƙarfe tsakanin sifirin da aksul na gaba kuwa abin gudu ne gaba ɗaya, domin can ne ƙarfin birki da na sitiyari ke taruwa.

Bayan an ɗaura

Ana ƙarasa ɗaure kusoshin robobi ne bayan an sauke motar ta tsaya da nauyinta, in ba haka ba robar za ta murɗe ta yage. A daidaita ƙafafun gaba, a sauke hasken fitilu, a sake ɗaure kusoshin da suka rungumi sifirin da aksul bayan kilomita 500 na farko. Tayar da ta fi ta asali girma tana sa agogon gudu ya nuna ƙasa da gudun gaskiya, tana kuma ƙara shan mai. Mai motar da ke tsallaka iyaka ya tambayi cibiyar binciken lafiyar motoci da kamfanin inshorarsa tun kafin aiki, domin dokar sauya fasalin mota ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa.